Danna Kunne da Wahalar Ruwan Kemo

A zangonmu mun sha ganin iyayenmu mata masu sankarar ƙwan haihuwa sun daina zuwa asibiti, domin ruwan kemo yana jawo musu amai, kasala da rashin barci. Akwai dabarar da wani likitan Faransa, Paul Nogier, ya tsara a shekarun 1950, mutanen Sin suka bunƙasa ta: ana manna 'yar ƙwayar iri da filasta a wasu gurabe na kunne, majinyaciya ta riƙa dannawa kullum. Wasu kan sami sauƙin tashin zuciya, amma dabarar ba ta kashe sankara. Mu da muka saba da ƙahon wanzami, mu yi hattara: a nemi izinin likita, kada a bar kemo. Allah Ya ba majinyatanmu lafiya.