Yadda Manhajata Ta Yafe Bashin Da Ba Nata Ba

Duk mai riƙe da waya yana jan jerin sunaye da yatsa kullum, a WhatsApp ko a cikin lambobinsa, yana ɗauka cewa sunayen nan duka suna jere can ƙasa suna jiran a iso kansu. Ba haka abin yake ba. Waya ba ta zana komai sai abin da fuskarta za ta ɗauka, layi goma ko sha biyu, da ɗan ƙari na ko-ta-kwana. Layin da ya fice ta sama ba a yar da shi, zagayo da shi ake yi ta ƙasa a ɗora masa wani suna. Na san wannan tun ina koyon haɗa manhajar Android, har da ka nake faɗarsa. Amma sanin bai hana ni sa dattijo ya buga waya yana neman kuɗinsa wurin matar da ta riga ta biya shi ba.

Dattijon, Alhaji, aminin mahaifina ne, yana sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Rabin cinikinsa bashi ne. Mutum zai zo daga Damagaram ko Maraɗi ya ɗauki kaya, sai ya sayar ya turo kuɗi, wani ya turo rabi ya ƙara ɗaukar wasu. Duk wannan yana cikin wani babban littafi mai baƙin bango da yaron shago ke rubutawa. Ni na kawo shawarar a mayar da littafin cikin waya, ba wanda ya roƙe ni. Abin da na yi alkawari ba shi da wuya: jerin sunaye, kowane da kuɗin da ake binsa, da hoton takardar kayansa, da koren rubutu mai cewa ya biya.

Tuntuɓen farko bai yi ɓarna ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Na zuba layukan duka cikin ScrollView, wanda shi bai san zagayo da layi ba, komai yake ginawa lokaci guda ko ana gani ko ba a gani. A wayata, da sunayen ƙarya da ba su cika hannu biyu ba, abin kamar ruwa. Da aka shigar da sunaye na gaskiya, ɗaruruwa, kowane da hotonsa, sai manhajar ta riƙa mutuwa a wayar yaron shago tun kafin ta buɗe. Lissafin a fili yake ga wanda ya tsaya ya yi shi. Hoton da kyamara ta ɗauka mai faɗin ɗigo 4,000 da tsawon 3,000 yana da ɗigo miliyan 12, kuma Android na ba kowane ɗigo bayit 4 idan ta buɗe shi. Megabayit 48 ke nan na hoto ɗaya, duk da cewa a ajiye bai fi 'yan megabayit ba. Wayar yaron kuwa gigabayit 1 gare ta na ƙwaƙwalwar aiki, irin waɗanda Google ya fitar wa Android Go a 2017. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno su ne a hannun yaran kasuwa, ni kuma ina gwaji da wayar da ko Alhajin kansa ba zai yarda ya saya ba.

Sai na koma RecyclerView, wanda Google ya kawo a 2014, shekarar Android 5.0. Dabarar ta girme shi: tsohon ListView ma yana miƙo maka layin da aka gama da shi ka sake amfani, haka UITableView na iPhone. Bambancin shi ne RecyclerView ya mai da abin dole. Yana gina layukan da fuska za ta ɗauka, ya riƙe biyu da suka fice yanzu-yanzu ko za a komo, ya tara har biyar na kowane iri a gefe don a sake cika su. Akwai dalilin wannan tsumulmula. Wayoyi da yawa suna sabunta fuskarsu sau 60 a daƙiƙa, wato kana da kusan milisakan 16 ka shirya kowane zane. Ka wuce haka, jerin ya fara cijewa a ƙarƙashin yatsa. Ka riƙe wayar daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓi ba, Android ta fito da saƙon nan mai tambaya ko a rufe manhajar. Na haɗa da Glide yana rage hotuna daidai girman gurbinsu, jerin ya koma sulɓi ko a ƙaramar waya. Kaina ya yi girma. Har na ce wa Alhaji ai littafin nan ya gama aikinsa, a kai shi sito.

Ga inda na ci tuwon kaina. Layin RecyclerView kamar allon makaranta ne: guda ɗaya ne, yau a rubuta wannan karatu, gobe a wanke a rubuta na gaba. Wanda ya ɗora sabon rubutu bai wanke tsoho ba, ya san abin da zai karanta. A wurin da ake cika layi da bayanan mutum, na rubuta cewa in ya biya a nuna koren rubutu. Ban rubuta abin da za a yi in bai biya ba. A tunanina ba sai an faɗa ba, tunda rubutun a ɓoye yake tun asali. A ɓoye yake a sabon layi. Layin da aka zagayo da shi kuwa yana zuwa da koren mutumin da ya bari. Kuma da sunayen gwajina da duka suka shige fuska ɗaya, ba a taɓa zagayo da ko layi guda ba, to ta ina zan gani?

Alhaji ya kira ni yana dariya. “Injiniya, zo ka ga ikon Allah. Wayarka ta ce mutumin Damagaram ya biya ni, ni kuma ko sisi ban gani ba.”

Abin da na yi da na isa shagon shi ne abin da ya fi cin raina har yau. Ban buɗe aikina na duba ba. Juyawa na yi ga yaron shago na ce, “Kai ne ka taɓa wani abu.” A gaban ubangidansa, a maganar kuɗi. Yaron ya ce, “Wallahi Yaya ban taɓa komai ba, amma duba ka gani.” Ya karɓi wayar ya ja jerin ƙasa a hankali. Koren ya fito a wani suna, aka wuce layi goma sha wani abu ya sake fitowa, aka wuce kamar haka ya sake. Ya ja sama da sauri, sai ga shi ya bar wasu ya hau wasu. Yaron da bai taɓa jin sunan RecyclerView ba ya riga ni gano cewa abin yana da tazara, kuma tazarar ita ce adadin layukan da ake juyawa.

Har zuwa nan ba a yi asara ba. Ƙaryar a fuska kawai take, rumbun bayanai lafiyarsa lau. Gyaran layi ɗaya ne na umarni: in bai biya ba, a ɓoye. Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan ba. Amma kunya ta sa ina so in koma da abin da ya fi gyara, sai na ce bari in ƙara ɗan akwati a kowane layi, wanda taɓawa ɗaya za ta sa masa makin cewa an biya, ba sai an shiga ciki ba. A daren na rubuta, da safe na kai. Garin neman gira aka rasa ido.

Irin wannan akwati ana liƙa masa ɗan umarni mai jira, wanda duk sanda maki ya hau ko ya sauka zai rubuta hakan a rumbu. Abin da na manta, shi mai jiran nan bai san bambancin yatsan mutum da umarnin manhaja ba, canji kawai yake gani. Ni kuma a wurin cika layi na fara saita makin sabon mutum, sannan na liƙa sabon mai jira. To a daidai lokacin saitawar, wanda ke kan akwatin tsohon ne, riƙe da sunan mutumin da ya fice ta sama. Layin wata Hajiya da ta biya ya fice, aka zagayo da shi ga wanda bai biya ba, aka cire maki, tsohon mai jira ya ga maki ya sauka, ya je rumbu ya rubuta cewa Hajiya ba ta biya ba. Haka kuma ta ɗaya ɓangaren: wanda ake bi ya wayi gari an yafe masa. Ba sai kowa ya taɓa komai ba. Jan jerin kawai ya isa ya dagula lissafin shagon, kuma kowane ja da irin tasa ɓarnar.

Hajiyar tsohuwar abokiyar ciniki ce. Alhaji ya ga sunanta cikin waɗanda ake bi, ya kira ta cikin raha ya tuna mata. Ba ta yi musu ba, takardar tura kuɗin kawai ta aiko masa, da kwanan wata a jiki, ta ce ba ta zaci za a kai ga haka tsakaninsu ba. Dattijo mai furfura ya riƙa ba ta haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Ni bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Ɗana, ɗauko littafin.”

Littafin bai je sito ba. Yaron da na ɗora wa laifi bai daina rubutawa a ciki ba ko rana ɗaya, don shi ba a ce masa ya daina ba. Da shi da saƙonnin banki na wayar Alhaji muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya har lissafi ya koma daidai. A nan na nemi afuwar yaron, a gaban wanda na kunyata shi a gabansa. Ya ce ba komai. Akwai komai.

Gyaran da na yi bayan nan ya wuce toshe rami. Duk abin da layi ke iya nunawa, yanzu ina saita shi ta fuska biyu, in haka ne kaza, in ba haka ba kaza, ko da ina ganin ba buƙata. Akwatin ya koma amsa taɓin yatsa kaɗai. Kowane mutum ana nemansa da lambarsa ta rumbu, ba da matsayinsa a jeri ba, don matsayi yana canjawa da zarar an ƙara suna ko an tace. Mafi muhimmanci, na daina ajiye biyan kuɗi a matsayin e ko a'a. Kowane biya yanzu shigarwa ce mai zaman kanta, da adadi da rana, ba a gogewa sai dai a yi wata ta warware ta, koren kuma daga lissafinsu yake fitowa. Wannan tsarin littafin Alhaji ne tun asali, ni ne na raina shi.

Wasu abokan sana'a suna cewa ai wannan matsalar tsohon yayi ce, tunda Jetpack Compose ya fito a 2021 da LazyColumn, ga ListView.builder a Flutter, ga FlatList a React Native. Gaskiya ne sun rufe ƙofar da na faɗa ta ciki, ba ka cika tsohon layi da hannunka. Amma duka ukun ba sa riƙe abin da ya yi nisa da fuska, kuma a Compose in ba ka ba kowane layi mabuɗinsa ba, abin da layin ya tuna yana bin matsayi ne, a ƙara suna ɗaya a sama ya zame kan maƙwabci. Ban yarda an rabu da Bukar ba.

Kai da ke da manhaja mai jeri a hannun mutane, musamman in kuɗi ko magani ko sakamakon jarrabawa take riƙewa, ka zuba mata sunayen gwaji 1,000, ka cakuɗa su, ka ari mafi ƙanƙantar wayar da ke gidanku. Ka kwafi rumbun ka ajiye, ka ja jerin har ƙasa ka dawo sama ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka gwada rumbun da kwafin. In ko harafi ɗaya ya bambanta, kada ka bari ta kwana a wayar kowa.