Ƙugiyar Harafi da Makomar Harshe

A garin Allakaye, cikin duwatsun Adar, akwai wani dattijon malamin makaranta wanda ya yi shekaru yana bin tsofaffi da littafin rubutu a aljihu. Ranar kasuwa, ko kuwa bayan sallar la'asar, sai ya durƙusa gabansu yana rubuta sunayen ƙasar noma iri-iri, da na kayan rijiya, da kirarin masu tafiya biɗa Abijan da Legas, da sauran kalmomin da ya lura yara sun daina faɗi. A farkon shekarun 2000 ya kwashi littattafan nan ya nufi Tawa, ya biya wani magatakarda ya buga masa su a kwamfuta. Da aka miƙo masa gwajin shafin farko ya ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowane da ƙugiyarsa, sai ya yi hamdala, ya karɓi faifan ya kulle a akwati. Littattafan hannu kuwa, gara da yoyon damina suka raba su tsakaninsu.

Bayan shekaru masu yawa wata ƙungiyar raya al'adu ta nemi ta buga aikin. Aka buɗe faifan a wata na'ura, sai ga shafuffuka cike da alamomin da ba na Hausa ba: inda ya san ya rubuta «ƙasa» sai ya tarar da «µasa», inda «ɗiya» take sai «§iya». Tsofaffin da suka ba shi kalmomin kuwa, galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Wani tsohon ɗalibinsa, wanda ya karanci ilimin kwamfuta a Yamai, shi ya kwantar masa da hankali. Ya ce, «Mushe, aikinku bai ɓata ba, riga ce kawai aka tuɓe masa.» Malamin ya ce, «To ɗana, fahimtar da ni, yau kai ne malami.»

Bayanin da yaron ya yi ya cancanci kowane mai koyar da Hausa ya ji shi. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsofaffin tsare-tsarenta gurbi 256 kacal suke da shi, kuma haruffa da alamomin Turai sun cinye su. Saboda haka masu buga harsunan ƙasa suka yi dabara: su ɗauki gurbin wata alama da ba su bukata, su zana ɗ ko ƙ a kanta, su adana zanen a na'urarsu. Muddin zanen yana nan, ido zai ga Hausa. Da zarar rubutun ya koma wata na'ura, sai alamar asali ta dawo gurbinta. Abin takaici shi ne, tun farkon shekarun 1990 tsarin Unicode ya riga ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa ta kansa wadda duniya duka ta yarda da ita. Ta ƙaramin ƙ, alal misali, ita ce 409. Maganin yana nan, labarinsa ne bai iso ba.

A yini guda yaron ya rubuta ƴar manhaja wadda ta mayar da kowace alama harafinta. Amma sai wata matsala ta ɓullo. A shafuffukan ƙarshe magatakardan ya gaji, ya riƙa buga k da d da b ba ƙugiya. Nan manhaja ta tsaya, domin ba ta da hanyar rarrabe «kafa» da «ƙafa», ko «bari» da «ɓari», ko «baki» da «baƙi», balle kalmomin Adaranci da babu su a ƙamus. Dole malamin ya zauna da tabarau yana bi layi-layi, kuma akwai kalmomin da har yau yake shakka a kansu, tun da bakin da ya furta su ya yi shiru.

Abin da ya sami malamin Allakaye ya sami manyan ayyuka ma. Ƙamusun da shirin Soutéba ya fitar domin makarantun Nijar, ciki har da na Hausa da Faransanci na 2008, sai da masu bincike na Nijar da Faransa suka haɗa kai a shirin DiLAF suka juye su zuwa Unicode, suka tsara kowace kalma da rukuninta da ma'anarta yadda na'ura za ta iya karantawa, kafin su hau intanet. Aiki ne mai cin lokaci, wanda ba a yi wa kiɗa, amma a kansa ake gina mai gyaran rubutu da mai fassara.

A fagen doka Nijar ba ta yi barci ba. An yi taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978 kan haruffan harsunan Afirka. An buɗe makarantun gwaji cikin harsunan gida tun 1973. An tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma. Sannan a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Sai dai doka tana kan takarda, yatsa kuwa yana kan allon bugu. Allon AZERTY da ke ofisoshinmu ya keɓe wa é da è da ç da à da ù maɓallansu, bai bar wa ɗ ko kusurwa ba. Wanda duk ya zaɓi irin na'urar da za a saya wa makaranta, ya yanke hukunci kan harshe ko da bai sani ba.

Akwai kuma batun iyaka. Nijar tana rubuta «ƴan», Najeriya tana rubuta «'yan», mai gaggawa a waya yana rubuta «yan». Bahaushe ya san kalma ɗaya ce, na'ura kuwa uku take gani, sai fa in an koya mata. Injinan fassara, irin na Google da ya karɓi Hausa a 2013, daga rubutun da suka tarar suke koyo, kuma mafi yawan Hausar intanet ta jaridu ce da gidajen rediyo, bisa daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kano. Adarancin da Bernard Caron ya yi wa littafi a 1991, da «tahi» ɗinsa da «hwara» ɗinsa, yana yawo ne a saƙonnin murya tsakanin Allakaye da ƴan ci-rani, ba ya barin sawu a rubuce. Abin da ba a rubuta ba, na'ura ba za ta san da zamansa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamai da ƙungiyoyi ba sai sun jira kowa ba kafin su sa allon Hausa a wayoyinsu, su koya wa ɗalibai buga ƙugiya kamar yadda suke cire maki in an manta wasalin Faransanci, su kuma binciki tsofaffin faifansu tun masu iya gyara suna raye. Hukuma kuwa, nata shi ne ta shardanta allon da ke da haruffan harsunan ƙasa a duk sayayyarta, ta kuma tallafa wa ɗaliban jami'a su yi bincike a kan harsunan iyayensu.

Mutanen Adar sun ga yadda aka farfaɗo da ƙasar Keita tun daga 1984, mata da maza suna jera duwatsu ɗaya bayan ɗaya don tare ruwa. Malamin Allakaye yakan tuna da wannan in ya gaji da bin layi. Yanzu aikinsa yana ajiye wuri uku, kuma a gefen kowace kalmar da yake shakka ya sa alamar tambaya, ko Allah zai kawo wanda ya taɓa jin ta a bakin kakarsa.