Na Ga Gurnanin Garmahona da Idona

Wallahi ban taɓa zaton ana ganin ƙara da ido ba! Garmahon da nake jin faya-fayen Shata da shi ya daɗe yana wani gurnani ƙasa-ƙasa, a kunne duk abu ɗaya ne. Sai na jona amfilifaya da kwamfuta, na buɗe Audacity, manhajar nan ta kyauta, na naɗi shirun da ke tsakanin waƙa da waƙa, na danna Plot Spectrum. Nan take ta baje min sautin a allo, mai kauri a hagu, siriri a dama.

Ga wani tsini tsaye ƙyam a kan Hz 50, ga ƙannensa a 100 da 150. Na ɗaga allura daga faifai, yana nan daram. Ashe wutar lantarki ce, don a Najeriya sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Na ƙara ɗaure siririyar wayar ƙasan nan da ke bayan garmahon a jikin amfilifaya, ina kallo tsinin ya dusashe. Sai da na miƙe tsaye!

Da na mayar da allura, wani tudu ya taso wajen 10. Kunnen ɗan Adam sai daga wajen 20 yake fara ji, amma ka cire murfin lasifika ka ga takardarta tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai haki. Rawar hannun allura ce, kuma tsakanin 8 da 12 ake son ta zauna. In ta sauka, lanƙwasar faifai ta tayar da ita; in ta hau, ta kutsa cikin kiɗa. Ga shi tsarin daidaita sautin faifai na RIAA yana ɗaga sauti mai kauri da kusan desibel 20, don haka ɗan motsin injin garmahon ma sai ya fito da girma.

Ina cikin haka aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto. Jama'a, ɗan tsinin wutar da ya rage ya bar 50! Ya goce gefe, firij na kamawa ya sake zamewa. Injin garmahona kuwa irin mai bin bugun wuta ne, wato duk daren da muke kan janareto, gudun faifan da amon muryar Shata suna hawa da sauka tare da lodin gidan. Gobe da sassafe zan bazama neman faifan gwaji mai sautin Hz 3150 in auna yawan tangaɗin.