Zanen Katakon Da Ke Jikin Sifika Ba Shi Ne Sauti Ba

Yau ba maganar waya zan yi ba, maganar sifika ce, irin wadda muke haɗawa da waya ta Bluetooth. Kuma da kunyar da na sha zan fara.

Ni ɗan Gwandu ne, amma a Kalgo nake da teburin gyaran waya. A gidanmu duk abin da ke amfani da wuta ni ake kira, har fitilar caji. Da aka tashi haɗa wa ƙanwata, ɗiyar Gwaggona, kayan ɗaki, sai Gwaggo ta ce ni zan raka ta Birnin Kebbi in zaɓi sifika. A shagon muka tarar da iri biyu: wata baƙa ba ado, wata ja mai zanen katako tana sheƙi. Mai shago ya dafa jar ya ce katako ce zalla, shi ya sa ta fi tsada. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Kai ka san abin ga, wace za mu ɗauka?" Ban saurari ko ɗaya da kyau ba. Ido ya zaɓa, na nuna ja.

Damina ɗaya ta yi. Amarya kullum tana goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, sifika kuma a ƙasa take. Gindinta ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, zanen ya fara ɗagowa daga kusurwa, in an ƙara murya sai ka ji "zrrr". Dangin miji suka fara 'yan maganganu, wai an kawo kayan ado ba kayan aiki ba. Gwaggo ta aiko min da ita a buhu, da saƙo guda: "Ka ce katako na."

Na kwance bayanta da sukundireba. Ba katako ba ne. Dusar katako ce aka danne da gam, kaurinta bai wuce milimita 6 ba, aka lulluɓe da leda mai hoton katako. Na ɗauke ta na kai wa wani dattijon kafinta da ke kusa da ni. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ko da katakon gaske anka yi ta, ba zanen ka kiɗa ba." A wurinsa, da abin da na karanta daga baya, na gane abin da zan faɗa muku.

Fuskar akwatin sifika iri uku ce galibi. Akwai leda ko takarda da aka buga wa hoton katako da inji, ita ce a kan yawancin masu araha. Akwai fomeka, irin ta gado da kabet, ta fi leda tauri amma ita ma hoto ne. Sai fallen itace na gaske, wanda ake yankowa daga gungume siriri ƙwarai, wajen rabin milimita, a manna a kan allo. Wannan na ukun shi ne na masu tsada. Amma ku lura, duka ukun riga ce kawai. Abin da bai kai kaurin katin ATM ba ba zai gyara sauti ba.

To me ke ƙarƙashin rigar? A sifika mai kyau, yawanci MDF ne ko filawud. Kada jin MDF ya ba ku tsoro, manyan kamfanonin sifika na duniya da shi suke aiki, saboda nauyinsa ɗaya ne ko'ina kuma ba ya yawan amsa kuwwa. Katako zalla kuwa yana shan danshi da damina ya buɗe, hunturu ya zo ya tsuke, har ya tsage. Kun ga yadda ƙofar katako ke ƙin rufuwa a watan Agusta, a Janairu kuma ta yi sako-sako? Haka zai yi a akwatin sifika.

Tsagewar nan babbar matsala ce. Faifan sifika in ya tura iska gaba, yana jan ta a baya lokaci guda. Aikin akwati shi ne ya tsare sautin baya kada ya zagayo ya kashe na gaba. Da zarar akwati ya buɗe a inda ba a tsara ba, ko allonsa ya yi sirantar da yake rawa, bes ya tafi, sai zirin ƙara. Abin da ya sami ta ƙanwata ke nan. Raunin MDF da dusar katako ɗaya ne: ruwa. In sun kumbura ba sa komawa.

Ku yi wa kanku lissafi ma. Itacen da ke da zane mai kyau, kamar maɗaci da madobiya, ba abin banza ba ne. Madobiya an yi ta saranta ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2018 hukumar CITES ta dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa waje. Yaya za a yi sifikar da ba ta kai kuɗin ƙaramar waya ba ta zo da irin wannan itace?

Ga yadda nake dubawa yanzu kafin in ce wa mutum ya biya:

1. Dubi zanen a gefe biyu. In ka ga ƙulli ɗaya, da siffa ɗaya, ya maimaita kansa can gaba kamar zanen atamfa, inji ne ya buga. A fallen itace na gaske layukan kan yi kama, wani lokaci ma su fuskanci juna kamar shafi biyu na littafi, amma ba sa zama daidai tsaf.

2. Haska tocilar waya a karkace. Itacen gaske yana da 'yan ƙananan ramuka da ke bin layinsa, haskensa kuma yana canzawa in ka juya. Leda sheƙinta ɗaya ne.

3. Duba kusurwa da baya, inda waya ke shiga. Nan leda ke ƙarewa, nan za ka ga ainihin allon da kaurinsa. Ga sifikar ɗaki mai ɗan girma, ka nemi milimita 12 zuwa sama.

4. Ƙwanƙwasa gefenta da yatsa. Sauti gajere mai nauyi alama ce mai kyau. In ta amsa kamar fanko, allon siriri ne.

5. Haɗa da wayarka, sa karatu ko waƙar da kunnenka ya saba da ita, ƙara murya, ɗora tafin hannu a gefe. In jikin yana kaɗawa sosai ko yana zirin ƙara, bar ta.

In ka riga ka saya, ɗora ta a kan teburi ko benci, kada ta taɓa ƙasa, kuma a goge ta da busasshen ƙyalle.

Ta ƙanwata, kafinta ya yi mata sabon akwati da filawud mai kauri, muka mayar da kayan cikin, muka toshe ko'ina da gam, aka shafa baƙin fenti. Daga aljihuna na biya, don ni na zaɓa. Ranar da na mayar da ita Gwandu, Gwaggo ta kalle ta ta ce ba ta kai waccan kyau ba. Na kunna. Mijin ya leƙo daga waje yana tambaya ko sabuwa aka sayo.

Ban ce leda mai zanen katako laifi ce ba. In ta yi maka kyau a ɗaki, saya, amma a kuɗin leda. Allah Ya sa mu dace. Wanda ya san mai haɗa kayan ɗaki, ya tura masa kafin a je kasuwa.