Ranar Da Dutsen Garinmu Ya Koya Mini Sauka

Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari, domin abin kunya ne a gare ni. Amma hotunan da nake gani samarinmu suna sakawa a Facebook, suna tsaye a bakin dutse da silifa a ƙafa, su suka sa na ce gara in faɗa.

Aiki ne ya kai ni Legas. A can wani abokin aikina ya ja ni wani wurin motsa jiki inda ake hawan bango. Ga wanda bai taɓa gani ba, bango ne na katako, tsayinsa mita huɗu zuwa biyar, an ɗaɗɗaura masa mariƙai masu launi iri-iri. Sai ka zaɓi launi ɗaya ka bi shi har sama. A ƙasa katifa ce mai kauri, in ka gaji ka saki hannu ka faɗo, ka tashi kana dariya. Akwai takalmi na musamman mai matse ƙafa, da farar hoda da ake shafawa a hannu saboda gumi. Wasan ya karɓu a duniya, har an sa shi a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Wata takwas na yi ina zuwa duk Asabar, har sababbin zuwa suka fara tsayawa suna kallona. Kaina kuwa ya kumbura.

Da hutun ƙarshen shekara na zo gida. Tun a cikin keken da ya ɗauko ni daga Jalingo zuwa Kona nake kallon duwatsun nan da na tashi ina gani, ina cewa a raina wannan ai abin karin kumallo ne. Kwana biyu da isowata, wajen ƙarfe goma na safe, na ɗauki takalmina na fita. Ban gaya wa kowa ba, sai ɗan yayata mai shekara goma sha biyu da ya biyo ni don ya riƙe waya ya ɗauke ni hoto.

Da farko abin ya yi daɗi. Dutsen yana da kaushi, takalmi yana kamawa. Sai dai babu ja babu shuɗi, ni ne zan nemi wurin sa hannu da kaina. Ina cikin tafiya na kama wani ɓallin dutse, na ɗora masa nauyina, sai kawai ya ɓantare a hannuna kamar ɓawon albasa. Na ji ƙarar fashewarsa a ƙasa, kusa da inda yaron yake tsaye. Daga baya na fahimci cewa zafin rana da sanyin dare da ruwan damina suna sa fatar irin wannan dutse ta riƙa ɗagowa a hankali. A Legas kuwa ma'aikaci ne ke bin kowane mariƙi yana ɗaure shi.

Na lallaɓa na kai wani ɗan tudu da bai fi faɗin tabarma ba, tsayinsa daga ƙasa kamar bene mai hawa biyu. A nan na leƙa ƙasa, gabana ya faɗi. Babu katifa. Sai a lokacin na tuna cewa a wata takwas ɗin nan ban taɓa saukowa da ƙafata ba, tsalle kawai nake yi. Ƙafata ta kama rawa kamar ta mai taka keken ɗinki. Rana ta ɗaga, dutse ya fara ƙona tafin hannu, ban zo da ruwa ba, ga kuma gunjin ƙudan zuma a wani tsagi ta hannun dama. Na ce wa yaron ya ruga ya kira Kawu.

Kawu ya haura sittin, manomi ne, kuma da ƙuruciyarsa ya yi farautar rema a duwatsun nan. Bai bi inda na bi ba. Ya zagaya ta baya, ta hanyar awaki, sai ga shi a gefena na hagu, kusa da wani gamji da ya tsiro a jikin dutsen.

Ya ce, "Ɗana, raba cikinka da dutsen. In ka manne, ba za ka ga ƙafarka ba."

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ya ce, "Za ka iya. Uku su zauna, ɗaya ta motsa. Ƙwanƙwasa kafin ka kama, in ka ji ya yi amo kamar ƙwarya, bar shi. Kuma kada ka sa hannu a ramin da idonka bai gani ba."

Wannan na ƙarshen saboda kunama ne da kububuwa, kuma kowa ya san nisan da ke tsakaninmu da asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe. Takun da bai fi ashirin ba ya ci mana kusan rabin awa.

Da muka iso ƙasa bai yi faɗa ba. Ya miƙo mini gorar ruwa, ya ce, "Wa ka tambaya kafin ka hau?" Na ce ba kowa. Ya ce, "A nan, hanyar sauka ake fara nema. Kuma akwai wuraren da ba a takawa sai da sanin manya."

Maganar ta shige ni. Ina iya zayyana wa abokaina a Legas yadda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya yi amfani da igwar Bafaranshen nan Louis Mizon aka ci Kona da yaƙi a 1892. Na san tarihin garinmu a takarda, amma ƙafata ba ta san ƙasarsa ba. Ashe baƙo, ko da idonsa, makaho ne, kuma mutum yakan zama baƙo a gidan ubansa.

Ban ce kada a hau dutse ba. Jihar da ke da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419 a gandun Gashaka-Gumti, ya kamata a ce 'ya'yanta sun iya hawa. Roƙona ga ƙannenmu shi ne ku fita da sassafe, ku ɗauki ruwa, ku gaya wa na gida inda za ku. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin mai hawa. Ku guji dutse bayan ruwan sama saboda santsi. Inda ya miƙe tsaye, in babu igiyar hawa da hular kwano da wanda ya iya aiki da su, ku haƙura. Sama da komai, ku nemi irin su Kawu tun suna raye, su nuna muku hanya.

Kwana uku bayan haka na koma, Kawu a gaba ni a baya, ta hanyar awaki. Muka kai ƙoli kafin rana ta yi zafi, muka hango Jalingo cikin hazo. Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba, hanyar sauka nake ta haddacewa.

Allah ya tsare mana yaranmu.