Ayarin Kekuna A Kan Duwatsun Roki

Wanda ya saba hawan keke a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya je kasuwa ya komo, yakan zaci ba abin da tafiyar keke ke bukata sai ƙarfin cinya. To, ga mai tafiya shi kaɗai a fili watakila haka ne. Amma in mutane suka yi ayari, suka doshi duwatsu, tafiyar kwana da kwanaki, sai wani abu dabam ya bayyana, watau ba a cewa an isa zango sai na baya ya iso. Ga labarin waɗansu sojoji da suka gwada wannan a ƙasar Amurka.

A shekarar 1897 akwai wani bariki kusa da garin Misula, cikin jihar Montana, inda aka ajiye baƙaƙen soja na runduna ta 25. Su zuriyar mutanen Afirka ne da aka kai bauta can, hafsoshin da ke ba su umurni kuwa fararen fata ne, gama haka tsarin soja yake a wannan zamani. Cikin hafsoshin akwai wani saurayi, Laftanan James Moss, wanda ya fito na ƙarshe a ajinsu a makarantar hafsoshi. Shi ne ya kafe a kan keke ya fi doki amfani ga soja, don ba ya cin ciyawa, ba ya haniniya balle ya tona asirin mai shi. Manya suka ce to, ya gwada su gani.

Ran 14 ga watan Yuni suka tashi da sassafe, soja 20, da Moss, da likita, da wani ɗan jarida. Inda suka nufa birnin San Luwis ne, cikin jihar Misuri, mil 1,900 daga barikinsu. Kekunan na kamfanin Spalding ne, masu giya ɗaya tak, ba irin na yanzu da akan sauya giya in an zo hawa ba. Kowane soja ya ɗaure bargonsa da rabin tanti a gaban keke, ya rataya bindiga a baya. Abinci kuwa na kwana biyu kaɗai kowa ke ɗauka, sauran an aika da shi tashoshin jirgin ƙasa, kamar kowane mil 100 a ajiye kashi guda. Ka ga ke nan dole a ci mil 50 kowace rana. In aka makara, ba wanda zai yi musu bulala, yunwa ce za ta yi.

Tun ranar farko ruwan sama ya tare su. Ƙasar wurin kuwa wani irin yumɓu ne mai danƙo, ya liƙe wa taya har ta ƙi juyawa, sai an sauka an kankare. A rana ta huɗu suka kai ƙololuwar duwatsun Roki, inda ruwa ke rabuwa, wani ya gangara gabas, wani yamma. A can suka iske ƙanƙara na zuba, ga shi kuwa lokacin zafi ne a ƙasar. Hannuwa suka sandare. Hawan nan ba a kan keke aka yi shi ba, tura shi aka yi, mutum na nishi, kaya na rinjayarsa. Wanda bai san dutse ba sai ya ce ai in an kai sama wahala ta ƙare. Ina! Gangara ta fi hawa haɗari, don keke mai kaya so yake ya ƙwace ya yi ƙasa da mai shi. Haka suka yi ta saukowa da ƙafa, suna riƙe da kekunan kamar mai jan taurin akuya, ga ruwan ƙanƙara yana gudu a kan hanya.

A nan ne za a ga amfanin wani soja da ake kira John Findley. Kafin ya shiga soja ya yi aiki a wurin ƙera kekuna a Shikago, shi ne bakaniken ayarin. In keken wani ya lalace, sai Findley ya miƙa masa nasa ya ce ya bi 'yan'uwa, shi kuwa ya zauna a bakin hanya ya gyara, sa'an nan ya hau ya yi ta bugawa har ya cim musu. Lalle sunan madugu ake ji in an gama tafiya, amma ba don irin wannan mutum ba, da keke guda ya tsai da mutum 23 a jeji, abinci na can gaba yana jiransu.

Akwai kuma Saje Mingo Sanders, wanda ya fi sauran daɗewa cikin soja. Aikin saje ba ya shiga jarida. Shi ne mai tā da gajiyayye da asuba, shi ne mai ƙirga mutane da dare.

Abin mamaki, ba duwatsun ne suka fi ba su wuya ba. Da suka ratsa Wayomin da Dakota ta Kudu suka shiga jigayin Nebaraska, sai rairayi ya hana taya tafiya, suka koma bin hanyar jirgin ƙasa, suna sukuwa a kan katakan da aka shimfiɗa wa dogo har gaɓoɓi suka yi tsami. Rana ta ƙwalle, ruwan sha kuwa mai kanwa ne, ya ɓata wa da yawa ciki. Moss kansa ya kwanta, likita ya ja ayarin har ya warke ya tarad da su.

Ran 24 ga watan Yuli suka shiga San Luwis, bayan kwana 41. Dubban mutane suka fito kallonsu. Moss ya roƙi a bar su su ci gaba a kan keke, aka hana. Aka mayar wa kamfani kekunansa, su kuwa aka sa su jirgin ƙasa suka koma bariki. Da shekara ta kewayo yaƙi ya tashi tsakanin Amurka da Sifen, aka kai rundunar tsibirin Kuba, aka bar zancen keke.

Sanders ya yi yaƙin Kuba, ya yi na Filifin. A 1906 yana barikin Buraunsbil, cikin jihar Teksas, sai wata rana da dare aka yi harbe-harbe a cikin gari, mutum ɗaya ya mutu. Mutanen gari suka ce baƙaƙen soja ne, hafsoshinsu kuwa suka ce suna cikin bariki. Ba a kai kowa gaban alƙali ba, Shugaba Roosevelt ya sa aka kori soja 167 korar wulakanci, har da Sanders, wanda ya yi fiye da shekara 25 yana aiki, saura kaɗan ya fara cin fansho. Ya yi ta kai kuka a mai da shi, ba a saurare shi ba. Ya rasu a 1929. Sai a 1972 hukumar soja ta sake duba maganar, ta wanke su duka 167.