Kuɗin Akuya

A majami'ar ƙauyenmu akwai benci guda da ba a rige-rigen zama a kansa. Can baya yake, dab da ƙofa, inda rana take fara dukan mutum tun hantsi, awaki kuma su riƙa leƙowa in wa'azi ya yi tsawo. Shi ne bencin horo. Duk wanda dattawa suka sa a horo, nan zai zauna kowace Lahadi har wa'adinsa ya cika. Ba ya ba da shaida, ba ya shiga cikin mawaƙa, ran Jibin Ubangiji kuma faranti ya zo ya wuce shi kamar babu kowa a wurin. In bai zo sujada ba a ce ya taurare, in ya zo kuwa duk mai shiga sai ya gifta ta gabansa.

Ni a gaba nake zama. Baba dattijon ikkilisiya ne, kakana kuma yana cikin Maguzawan farko da suka karɓi bishara a yankinmu, abin da ake ambata a gidanmu kamar gadon sarauta. Ni nake buga ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshen darbejiya. Ni nake riƙe rajistar makarantar Lahadi. A gasar haddar aya babu mai ja da ni. Ina ɗan shekara goma sha biyu mata suna kirana Fasto Ƙarami, ina sunkuyar da kai kamar ba na so.

Wanda ya fi kowa daɗewa a bencin nan a zamaninmu shi ne kawuna, ƙanen Inna. An yi masa baftisma yana saurayi, da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ya shiga soja. Yaƙin ya ƙare a Janairun 1970, amma shi sai bayan shekaru aka sallame shi, ya dawo da bargon soja ɗaya, da takalman but, da ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa. Baba yana son kawo misalin Janar Yakubu Gowon in ana maganar gafara: ɗan mai bishara, wanda ya tashi a Wusasa, ya yi wa waɗanda suka yaƙe shi afuwa. Ya kan faɗi wannan da alfahari. Amma na lura yafe wa mutanen da ke can ƙetaren Kwara bai taɓa yi wa kowa wuya a ƙauyenmu ba. Surukinka da ke dawowa tsakar dare yana waƙar soja, shi ne aiki.

Ina da akuya, kakata ce ta ba ni ita tana 'yar ƙarama. Na yi kiwonta har ta ɗauki ciki, an kuma yi shawara in ta haihu za a sayar da 'ya'yan a saya mini akwatin ƙarfe na tafiya sakandare. Wata ranar kasuwa Kawu ya kwance ta, ya sayar naira goma sha takwas, ya kwana uku a gidan burukutu, ya rufe da faɗan da ya cire wa wani haƙori. Dattawa suka zauna, har da Baba, suka ba shi shekara guda.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ba ta fasa aika masa tuwo ba ko dare ɗaya, ni ne kuma ɗan aiken. Har yanzu ina jin tsamin ɗakin nan a hancina. Nakan dire kwanon a bakin ƙofa, in tura shi da ƙafa, ba sallama. Daga cikin duhu sai ya ce, "Fasto Ƙarami, a sa mu a addu'a mana." Na ɗauka ba'a yake yi mini. Sai da na girma na fara tunanin watakila da gaske yake.

Ya cika shekararsa bai yi fashin Lahadi ɗaya ba. Giyar ma ya bari, bayan ya koma mata sau biyu a ɓoye. Aka sa ranar maido shi ta zo daidai da godiyar kaka, ranar da kowane gida yake kawo amfanin gona gaban bagade. Baba mutum ne mai tsari: zai tsaya bakin rumbu yana ƙirga damman dawa, tara ciki, ɗaya gefe, kuma ba ya zaɓar wa Allah mai ƙwari. Ban taɓa ganin ya rage ba, ban kuma taɓa ganin ya ƙara ba. Kawu kuwa ɗan fegi aka ara masa a wannan daminar, ya samu dami bakwai. Duka bakwai ɗin ya kawo. Yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a ka, da but ɗinsa, 'yan Zumuntar Mata suna kaɗa tulu da caki, shi yana wata rawa da ba a san ko rawa ce ko fareti ba, hawaye da majina sun haɗe masa a gemu. Da ya dire na bakwai ya durƙusa ya kasa tashi. Fasto ya sunkuya ya ce masa a hankali, amma duk mun ji, "Malam, ka koma da biyar mana, me za ka ci?" Ya ɗago ya ce, "Ai Yaya tana nan." Majami'a ta kwashe da dariya, Inna ta rangaɗa guɗa.

Ni ban yi dariya ba. A raina cewa nake, ga ɓarawon akuya yana kyauta da tuwon gidanmu. Da yamma Inna ta sa aka yanka jan zakaran da take tanadi don Kirsimeti. Na ƙi ci, na koma bayan rumbu na zauna. Ta biyo ni da kwano.

"Tashi ka ci abinci."

"Akuyata fa, Inna?"

Ta daɗe tana kallona. "Kai, ɗan nan. Da akuya da mutum, wanne aka fi shan wuyar samu?" Ta ajiye kwanon ta tafi. Na ci, bayan na tabbata babu mai ganina.

Abin dariya, a lokacin na haddace Luka sura 15 daga farko har ƙarshe. Duk shekara muna wasan kwaikwayon ɗan da ya ɓata, yara suna kokawa a kan wa zai fito a ƙanen, don shi ne mai tangaɗi da kiwon aladu, shi ake yi wa tafi. Wan kuwa, wanda ya dawo daga gona ya ji kiɗa ya ƙi shiga gida, sai an yi lallashi kafin a samu mai fitowa a shi. Ni kullum mai ba da labari nake zama, ina tsaye gefe da littafi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Labarin da ya fi bina har tsufa ba wannan ba ne, na sura 7 ne. Wani tsohon mai bishara ya taɓa karanta mana shi daga tsohuwar fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka yi. Sabuwar ta 1979 ta riga ta iso, amma shi ya ce bakinsa ya saba da waccan. Wani Bafarisiye mai suna Siman ya gayyaci Yesu cin abinci. Wata mace da duk gari ya san halinta ta shigo, ta jiƙa ƙafafunsa da hawaye, ta goge da gashin kanta, ta shafa musu man ƙanshi. Siman bai ce uffan ba, a zuci ya yanke hukunci: da wannan annabi ne, da ya san irin wadda take taɓa shi. Sai Yesu ya ba shi misalin mutum biyu da ake bi bashi, ɗaya dinari 500, ɗaya 50, mai kuɗi ya yafe musu duka, ya tambaye shi wanne zai fi ƙaunar mai kuɗin. Tsohon ya bayyana mana cewa dinari ɗaya ladan ɗan ƙwadago ne na yini guda, kamar yadda yake a misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20. Ke nan na farko bashin fiye da shekara ɗaya da rabi ne a kansa in an cire ranakun hutu, na biyu kuwa na wata biyu. Sannan ya dube mu ya ce kowa ya faɗa wa kansa ko shi wanne ne. Nan take na sa kaina a na hamsin, har ina ganin na yi tawali'u, don a lissafina bai kai hakan ba.

Abu biyu suka wuce ni a ranar. Na farko, su biyun duka sun kasa biya, mai hamsin ma aljihunsa wayam. Na biyu, Siman bai yi wani abin da za a sa mutum a horo dominsa ba. Ya buɗe gidansa, ya kawo abinci. Ruwan wanke ƙafa ne kawai bai bayar ba, da sumbar maraba, da man shafawa a ka. Mu da muka san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma ya kamata mu fi kowa gane wannan rowar. Ni kuma na ɗauka damman Kawu bakwai toshiyar baki ce, yana sayen hanyar komawa gaba. Alhali an riga an maido shi kafin ya ɗauko na farko. Murna ce ta yi masa yawa ya rasa inda zai sa ta.

Ba na cikin masu cewa a soke horo. Manzo Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su ware mai laifi, sannan a wasiƙarsa ta biyu ya roƙe su su yafe wa wanda aka hora, su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya cinye shi. Kawu ma ya sha faɗa cewa bencin nan ne ya cece shi. Abin da na gani dai a tsawon shekaru shi ne, bencin yana kama zunubin da ke da wari ko mai fitar da ciki. Shi ya sa 'yan mata suka fi yawa a kansa, samarin kuwa sau da yawa sun riga sun tsere birni. Ban taɓa ganin an zaunar da mai girman kai a can ba, ko mai rowa, ko wanda ya shekara goma ba ya gaisawa da ɗan'uwansa saboda iyakar gona.

Nawa ya zo ina malamin firamare a birni, ina kuma ma'ajin matasa a ikkilisiyarmu. Mun tara kuɗin sayen lasifika da ganguna. Aurena ya matso, albashi ya tsaya wata uku, ga kayan lefe ba a haɗa ba. Na ɗauki naira ɗari huɗu, na sa masa suna aro. Ban ankara ba sakatare ya tashi ran Lahadi ya sanar cewa nan da mako biyu za a duba littafin kuɗi. A daren nan ban runtsa ba. Kuma in faɗi gaskiya, ba Allah nake tsoro ba, bencin nake gani, da fuskar Baba in labari ya kai gida.

Na rasa wurin zuwa sai wurin Kawu. A lokacin yana gadin wani sito a garin, ya tsufa, ya rame, yana zaune gaban kaskon wuta da butar shayi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗa. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, bai kawo mini aya ba. Ya zuba mini shayi ya ce in dawo jibi. Da na dawo babu kekensa a jingine, babu rediyonsa. Ya miƙo mini kuɗi ƙulle a hankici, yawancinsu 'yan naira ɗai-ɗai da suka sha hannu.

"Kawu, zan biya ka da zarar an yi albashi."

"Wane biya? Kuɗin akuyarka ne. Na daɗe ina neman hanyar da zan maido maka."

Akuyar naira goma sha takwas. Ni da nake koya wa yara lissafi na san bambancinsu da ɗari huɗu. Amma ya buɗe mini ƙofar fita da mutuncina, ni kuwa na bi ta da gudu. Na ce, "To." Na sa hankicin a aljihu. Aka duba littafi, aka same shi daidai, har aka yaba mini a gaban jama'a.

Daga nan na fara gudunsa. In na hango shi a taron biki sai in canja hanya. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da ido, wannan kuwa shi ya fi damuna. Da a ce Baba ne ya cece ni, da na sha faɗa, na yi kuka, an wuce wurin. Amma a ce mutumin da na riƙa tura wa tuwo da ƙafa shi ne ya san ni ciki da bai, abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Na aika masa shadda da Kirsimeti sau biyu, na saya masa sabuwar rediyo, duk ta hannun yara. So nake in biya, a rufe littafi. Kalmar nan biyu, na gode, su ne suka gagare ni, ni da nake jagorantar addu'ar godiya duk safiyar Lahadi.

Da ciwo ya kwantar da shi aka mai da shi ƙauye, ɗakinsa na dā. Na hau mota takanas, na tsara maganata tun daga tasha, na riƙo masa sukari da madara. Na yi sallama wannan karon, na shiga, na zauna a bakin gado. Ya buɗe ido ya ce, "A'a, Fasto Ƙarami." A lokacin ina da 'ya'ya uku da furfura a gemu. Ya tambayi yara, ya tambaya ko an yi ruwa a wajenmu, ya yi ƙorafin tsadar taki. Na buɗe baki sau biyu. Can ya nuna rediyon da na aika masa, ya ce batir ya yi sanyi, ba ya jin labarai sosai. Na fita kanti na sayo guda huɗu, na sa masa, na murɗa har tasha ta fito tar. Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido yana saurare. Na ɗan ƙara zama, sannan na ce zan tafi kada motar yamma ta wuce ni.